Me ya sa tsofaffin kwabbai ke sauya launi, wasu har da shuɗi da shunayya?

Baban Ummi

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce gare ni ga masu sanin harkar ƙarfe, ko masu tara tsofaffin kuɗi idan akwai su a nan.

Muna gyaran ɗakin marigayi mahaifinmu a Zariya, Allah ya jiƙansa, sai muka tarar da tsabar kuɗi a ƙasan akwatinsa na ƙarfe. Ba wani abin arziki ba ne, kwabbai ne da sulalla. Akwai kwabo mai huda na 1959, mai tauraro a baya da sunan Sarauniya Elizabeth a gaba. Akwai kwabo ɗaya na 1973 mai hoton hasumiyar haƙar mai, da rabin kwabo mai hoton auduga, da kwabo ashirin da biyar mai gyaɗa, sannan 'yan ƙanana na 1991.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne launinsu. Akwati ɗaya, ɗaki ɗaya, amma kowanne da irin kamar da ya yi. Waɗanda ke zube a gwangwanin madara sun yi ruwan ƙasa mai duhu, sumul, har da ɗan sheƙi. Waɗanda ke cikin lalitarsa ta fata sun yi wani kore mai danƙo, idan ka taɓa sai ya manne maka a yatsa. Akwai wasu da ya jera, ya naɗe da takardar jarida ya ɗaure da roba. Na bakin jerin sun yi baƙi ƙirin, amma na tsakiya, wallahi sai kun gani: cibiyarsu ja kamar yau aka buga su, gefen kuma zobe-zobe na ruwan goro, shunayya da shuɗi. Guda ɗaya ma shatin yatsan mutum ne a kansa ɓaro-ɓaro, na goga da tsumma ya ƙi fita. Biyu daga cikin masu huda suna da ɗigo-ɗigon kore mai haske, garinsa na zuba idan ka kankara da farce. Farare kuwa, wato kwabo goma da ashirin da biyar na 1973, ban da dusashewa ba abin da ya same su.

Ƙanena ya dage wai masu shuɗin nan akwai wani sinadari mai tsada a cikinsu, wai akwai masu saye da miliyoyi. Ni dai ban yarda ba, amma ba ni da hujjar da zan ba shi. Me ke kawo wannan launi? Kuma in wanke su ko in bar su haka? So nake in yi musu firam in rataye a falo saboda yara.

Ɗan Maƙera

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Yaya, wannan ba abin damuwa ba ne. Mu gidanmu ƙirar farfaru muka gada, tun ina yaro nake ganin jan ƙarfe da tagulla suna wannan hali. Baƙin ƙarfe tsatsarsa ja ce, jan ƙarfe kuma tasa baƙa ce ko koriya, shi ke nan. Ka jiƙa tsamiya ta yi kauri, ka zuba gishiri kaɗan, ka tsoma su na ɗan lokaci, ka fitar ka goge da toka mai laushi. In babu tsamiya lemon tsami ma ya yi. Za ka ga sun fito fes. Haka muke yi wa mundaye da tasoshi idan an kawo gyara, haka na ga mutanen Bida ma suna fito da hasken kayan tagullarsu kafin su kai kasuwa.

Batun shuɗi da shunayya, wannan mun saba ganinsa a bakin wuta. Ka ɗora jan ƙarfe gogagge a garwashi, kana kallo zai yi ruwan goro, ya koma ja mai duhu, ya yi shunayya, ya yi shuɗi, in ka bar shi ya baƙe. Babu wani sinadari mai tsada a ciki. Ka ce wa ƙanenka ya rufa wa kansa asiri, masu wannan zance su ne ke karɓar kuɗin "gwaji" a hannun mutane su ɓace.

Abu ɗaya kawai: koren nan guba ne, kada yara su sa a baki. Shi ya sa tukunyar jan ƙarfe ba a girki da ita sai an shafe cikinta da kuza.

Malam Na Kimiyya

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinku. Na koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare har na yi ritaya, kuma ina ɗan tara tsofaffin kuɗi, don haka ku yi haƙuri idan na ja zancen.

Ɗan Maƙera ya yi gaskiya a kan masu damfara, ya yi gaskiya a kan guba, ya kuma yi gaskiya a kan launin bakin wuta. Amma batun tsamiya da toka, Baban Ummi, don Allah dakata. Zan dawo kansa.

Kwabon 1959 da na 1973 tagulla ne, wato jan ƙarfe ne mafi yawa, da ɗan kuza da tutiya kaɗan don ya yi tauri. Ranar da aka buga shi jawur yake. Daga ranar kuma iskar oksijin take fara cin fuskarsa, tana yin wata 'yar fata a kansa. Fatar nan ita ce duk labarin. Tun tana sabuwa siririya ce ƙwarai, ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, haske na iya ratsa ta. To idan haske ya sauka, wani sashe yana dawowa daga saman fatar, wani kuma sai ya ratsa ya bugi ƙarfen da ke ƙasa sannan ya dawo. Idan biyun suka haɗu a hanyar zuwa idonka, wasu launuka sukan kashe juna, wasu su ƙara wa juna ƙarfi. Kaurin fatar ne ke yanke wane launi zai rayu. Ka dubi salansar babur kusa da inji, inda ta yi ruwan zinare sannan shuɗi: ba fenti ba ne, abu ɗaya ne da wanda ke kan kwabonka. Bambancin kawai, abin da wuta ke yi wa Ɗan Maƙera cikin minti guda, iska ta yi shi a akwatin Baba cikin shekaru hamsin.

Wannan ya bayyana na tsakiyar jerin nan da suka burge ka. Fuskokinsu na manne da juna, iska ba ta samun shiga sai ta gefe, tana kutsawa a hankali. A baki fatar ta yi kauri, tana raguwa har zuwa cibiya inda kusan babu ita. Kowane zobe da ka gani, kauri ne dabam. Idan fatar ta ci gaba da kauri har haske ya daina ratsa ta, wasan launi ya ƙare, sai kwabo ya zama ruwan ƙasa. Su ne na gwangwanin madara. Kuma wannan ruwan ƙasar alheri ne gare su, domin ya toshe hanya, iska ba ta ƙara samun ƙarfen da sauƙi. Kwabon da ya yi ruwan ƙasa sumul zai iya kai wa jikokin jikokinka a haka.

Na bakin jeri da suka baƙe, ba oksijin kaɗai ba ne, farar wuta ce. Robar ɗauri da farar wuta ake sarrafa ta, idan ta tsufa tana fitar da ita. Takardar jarida da kwali masu araha su ma suna da nasu. Haka ashana, haka hayaƙin janareta da na kananzir, haka ƙwai da albasa. Jan ƙarfe na son farar wuta fiye da kima, kuma abin da suke haifarwa baƙi ne. Da kaɗan ce ta same su, ita ma takan ba da shuɗi mai kyau, mai yiwuwa ma ta taimaka wa na tsakiyar. Na bakin ne suka sha da yawa.

Shatin yatsa kuwa, gumi ne: gishiri da maiƙo da ɗan tsami. Wani ya riƙe kwabon tun yana sabo, wataƙila Baban ne da kansa, gumin ya zauna, wurin ya ci dabam da sauran fuskar. Ba datti ba ne da ke sama, ya riga ya shiga ƙarfen. Ba zai fita ba sai an kankare fuskar kwabon. Ni da nawa ne, shi zan sa a tsakiyar firam ɗin.

Kore iri-iri ne, a nan mutane ke ruɗewa. Na lalita, mai danƙo, maiƙon da ke cikin fata ne ya haɗu da jan ƙarfe ya yi wani abu mai kama da sabulu. Duk mai tsohon sirdi ko ɗamara mai ƙusoshin tagulla ya san shi. Wannan a sama yake, yana fita da auduga. Akwai kuma kore mai tauri, mai santsi, wanda ke kama ƙarfen da ya daɗe a waje ko a cikin ƙasa. Mutum-mutumin 'yanci na birnin New York, wanda Faransa ta ba Amurka aka ƙaddamar a 1886, jan ƙarfe ne aka lulluɓe shi da shi, ruwan ƙasa yake da farko, cikin 'yan shekaru gommai ya koma koren da kowa ya san shi da shi. Wannan koren kariya ne, ba a taɓa shi.

Na ukun shi ne matsala, kuma shi ne a kan masu hudarka biyu: kore mai haske, mai gari, ɗigo-ɗigo. Masu adana kayan tarihi suna kiransa ciwon tagulla. Sinadarin da ke cikin gishiri ne ya shiga ƙarƙashin fatar ya zauna. Duk lokacin da ya sami laima, sai ya haifar da garin nan tare da asid, asid ɗin ya ƙara cin ƙarfen, ya sake haifar da wani gishirin, haka abin ke ta juyawa. Da rani yakan yi lamo kamar ya mutu, damina na shigowa ya farka. Idan ka share garin za ka ga ɗan rami a ƙasa. Ka raba waɗannan biyun da sauran yau ɗin nan, kada garinsu ya zuba a kan lafiyayyu.

Yanzu batun tsamiya. Tabbas tana aiki, tsaminta na narkar da fatar nan nan take. Amma abin da zai fito ba jan da aka buga kwabon da shi ba ne, wani ruwan hoda ne fayau, marar sheƙi, wanda duk mai tara kuɗi zai gane daga nesa. Toka kuma ta bar ƙananan zane a fuskar. Mafi muni, gishirin da ka zuba shi ne ainihin abin da ke kawo ciwon da na gama bayani. Munduwa da tasa kayan amfani ne, a goge su yau, su dusashe, a sake gogewa, ba asarar komai. Kwabo kuwa rubutu da zane ne a fuskarsa, kowace gogewa na rage su, kuma zoben shuɗin nan da ya ɗauki rabin ƙarni yana haɗuwa zai tafi cikin daƙiƙa biyar.

Farare kada su ruɗe ka. Su ma kusan kashi uku cikin huɗu jan ƙarfe ne, sauran nikel. Nikel ɗin ne ya faranta su, shi ne kuma ke hana iska cin su da sauri.

Ka gwada mini abu ɗaya: ka kawo maganaɗisu kusa da na 1991 ka gaya mana abin da ya faru.

Ɗan Maƙera

Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na karɓa a kan gishiri. Amma ni har yanzu ban ga kyan baƙin kwabo a firam ba. Mutum ya shigo falo ya ga abu baƙi-baƙi a bango, sai ya ce ba a kula da shi. In nawa ne, zan ware uku ko huɗu daga cikin na gwangwani, tunda suna da yawa kuma ba tsada gare su ba, in goge su da man goge tagulla, in shafa musu kakin zuma siriri don kada su koma. Yara su ga yadda kwabo yake a hannun kakansu lokacin da yake kuɗi. Sauran a bar wa Malam da iliminsa.

Maman Sadik

Ni tambayata ta ɗan kauce. Ina da awarwaro na jan ƙarfe da aka kawo mini tsaraba, idan na sa shi lokacin zafi sai wuyan hannuna ya yi kore. Wata ta ce mini wai alamar ciwo ce a jikina yake jawowa waje. Malam, abu ɗaya ne da wannan?

Na Damagaram

Sannunku da hira. Mu nan Nijar har yanzu da tsaba muke ciniki, ba kamar ku da kuka bar ta ba, don haka kullum muna ganin abin nan. Dala, da dala biyu, da dala biyar, rawaya ne idan sababbi. A hannun masu ƙosai da masu goro sai su yi duhu, wasu har ba ka iya karanta shekarar. Amma da wuya ka ga wanda ya yi kore ko ya yi rami, ko da ya kwana a ƙasa. Wani maƙeri ya ce mini saboda an haɗa tagullar da alminiyam ne.

Abin da na lura kuma, wanda ke yawo a hannu yana da launi biyu: wuraren da suka taso suna haske saboda shafar yatsu, lungunan rubutu kuma baƙi. Idan na ga tsohon kuɗi a kasuwa launinsa ɗaya ko'ina, lungu da tudu, sai in yi zargin an taɓa shi. Akwai masu ƙona sabon abu ko su binne shi don ya yi kama da tsoho su sayar wa baƙi.

Baban Ummi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na gwada maganaɗisun lasifikar rediyo. Na 1991 duk sun manne, na 1973 da masu huda ko motsi ba su yi ba. Kuma da na duba da kyau, ɗaya daga cikin na 1991 ya kumbura a gefe, akwai jar tsatsa irin ta ƙusa a wurin.

Masu ciwon na ware su a wani kofi. Ƙanena ya gani a intanet wai ana jiƙa irinsu a wani sinadari wanda kusan kanwa ne. Kanwa kuwa ga ta nan a kicin. In jiƙa su a ciki? Shawarar Ɗan Maƙera ta goge uku ko huɗu ma ta kwanta mini, in dai babu matsala.

Malam Na Kimiyya

Yauwa. Na 1991 baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe siriri, shi ya sa suka manne. Ba mu kaɗai ba ne. Ingila ta mayar da kwabonta haka a 1992, Amurka kuma tun 1982 ta koma tutiya mai rufin jan ƙarfe, saboda farashin jan ƙarfen ya sa kwabo na neman fin darajarsa tsada. Irin waɗannan, da zarar rufin ya sami ƙarzuwa, laima ta shiga, na cikin ne ke ruɓewa ya tura rufin sama. Wanda ya kumbura ba shi da magani. Sauran ka tsare su daga ruwa.

Hajiya Maman Sadik, abu ɗaya ne. Gumi ne ke narkar da ɗan jan ƙarfe ya bar shi a fata, shi ya sa ya fi yawa da zafi. Ba ciwo yake jawowa ba, sabulu da ruwa sun isa. In yana damun ki, ki shafa wa cikin awarwaron jan farce marar launi.

Na Damagaram, maƙerin nan ya faɗa maka daidai, alminiyam na yin tasa fatar mai tauri wadda ke kare sauran. Kuma idonka na da kyau. A Amurka, inda kamfanoni irin PCGS da NGC ke tantance tsabar kuɗi, kwabon jan ƙarfe kashi uku suke raba shi: ja, ja mai ruwan ƙasa, da ruwan ƙasa, kuma jan asali ya fi kuɗi nesa ba kusa ba. Masu launin bakan gizo na gaskiya su ma akwai masu biyan ƙari a kansu, shi ya sa wasu ke haɗa na jabu da wuta, ko su rufe kwabo a leda da dafaffen ƙwai. Na jabu launinsa kan yi kamar an zuba shi a sama, yana haye rubutu da fili bai ɗaya, sau da yawa kuma ya yi ƙyalli fiye da kima. Amma Baban Ummi, ka gaya wa ƙanenka kwabon 1959 da na 1973 miliyoyi aka buga, shuɗin ba zai saya masa ko taya ɗaya ta mota ba.

Kanwa kuma a'a. Ƙanen naka bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin sinadarin da masu gidajen tarihi ke jiƙa tagulla mai ciwo a ciki, shi ne mafi yawan abin da ke cikin kanwa. Sai dai nasu tatacce ne. Kanwar kasuwa daga tafki da ƙasa ake kwaso ta, tana tafe da gishiri da yashi, ka ga ka kai wa ciwon abincinsa ke nan. Abin da za ka iya yi a gida: ka cire garin da tsinken sakace, ba allura ba. Ka jiƙa su a ruwan batir, wato tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batirin mota, ka tabbatar ba mai asid aka ba ka ba. Ka riƙa canza ruwan lokaci-lokaci na wasu makonni, yana jan gishirin a hankali. Sannan ka shanya su su bushe ƙayau, ka sa su a kwalba mai murfi tare da 'yan ƙunshin tsotse laima da ke zuwa a kwalin sabon takalmi. Idan damina ta wuce garin bai dawo ba, sun tsira. Idan ya dawo, ka maimaita.

Na lalita ka goge danƙon da auduga da ɗan asiton, wato ruwan cire jan farce, wanda ba a haɗa shi da turare ko mai ba, a wuri mai iska, nesa da wuta. Kada su koma cikin fatar.

Uku ko huɗun da Ɗan Maƙera ya ce, ka goge abinka, kayanka ne kuma ba su da wuyar samu. Ka zaɓa daga na gwangwani waɗanda suka fi suɗewa, ba daga na jeri ba. Wajen firam kuma ka ce wa mai haɗawa kada ya sa gam a bayan kwabo, kada ya shimfiɗa fata ko roba ko kwali mai araha a ƙasa, kada kuma ya sa su a ledar nan mai taushi, ita ma tana sa kore. Farin yadin auduga da aka wanke aka ɗauraye sosai ya isa. Masu huda a ɗinke su da zare ta hudar, sauran a yanka musu gurbi. Ka riƙa kama su ta gefe, kuma bangon da za ka rataye ya zama ba mai tsatsafar ruwa da damina ba ne, ba kuma kusa da inda ake turaren wuta ba.